Giyar da Ta Ƙi Fita Daga Ganga

In da baki ke dafa giya, da Torleiv Brattebakk ya shayar da kwarin nan kaf, har ya tura ragowa birnin Bergen. Shekara talatin ya yi yana yankar tikiti a jirgin fito, ya yi ritaya, ya dawo gida da tumbi, da littafin koyon giya guda ɗaya, da ma'aunin gilashi a cikin kwali mai auduga. Sau uku ya taɓa dafawa a wata siririyar tukunyarsa. Ta farko aka zubar. Ta biyu aka ba shuka, shukar ta mutu. Ta uku ta shawu, kuma ita ce ta lalata shi.

Ranar da aka sauko da tumaki daga dutse akan yi biki a zauren gari, a ci cinyar rago mai gishiri, a kora da giyar gwaggonsa Borghild. Shekara arba'in da ɗaya ita ke dafa ta. Bana ciwon ƙugu ya zaunar da ita, sai ta sa aka faɗa: duk wanda ya kawo wa bikin lita ɗari, kauri saba'in a ma'auni, shi zai gaji tukunyar tagulla da zoben itacen da ake busar da yis a jikinsa, wanda ta gada wurin kakarta. Mai wannan tukunya kuwa, shi ake fara miƙa wa akushi a kowane taro, na aure ko na rasuwa. Torleiv bai taɓa son wani abu a duniya kamar a fara miƙa masa akushi ba.

"Lita ɗari?" ya ce da ita a bakin kanti, da ƙarfi don masu sayen madara su ji. "Gwaggo, ai wannan ido rufe."

"Buɗe shi dai," ta ce. "Ubanka da ido biyu ya ƙona kunu."

Ta miƙa masa wata baƙar sanda mai tsaga-tsaga. "Ga sandar awona. Ta san cikin tukunyar nan fiye da yadda ka san cikinka."

"Riƙe abarki, Gwaggo. Ina da tawa, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Gaskiya ne ba ta taɓa yi ba, amma a tasa tukunyar. Sandar Torleiv tsaga biyar gare ta, kowace lita goma, a cikin siririyar tukunyarsa. Da ya koma gida sai ya ɗauki wuƙa ya ƙara tsaga biyar a sama, tazara ɗaya, ya ce biyar da biyar goma, lissafi ba ya gardama. Ita kuwa tukunyar Borghild faɗi gare ta kamar kwamin wanka. Abin da zai hau tsaga ɗaya a cikinta ya ninka na tasa har da ɗoriya. Jaki ma da ya leƙa tukwanen biyu zai gane. Torleiv bai leƙa ba.

Ranar Talata da safe ƙarti uku suka ɗora tukunyar Borghild, wadda ta ba shi aro tare da zoben, a kan murhu a ɗakin dahuwarsa. Maƙwabcinsa Steinar, mai tumaki, wanda suka tashi tare suna tsokanar juna tun suna 'yan makaranta, ya jawo bencin lambu ya zauna da kofinsa.

"Taimako ka zo yi?" in ji Torleiv.

"A'a. Kallo."

Torleiv ya jiƙa kilo talatin na tsiron sha'ir a ruwan zafi, daidai na lita ɗari, ya tace. Ruwan tsiro na farko ya sauko ja wur, mai danƙo, ƙamshinsa har titi. Ya tsoma sanda: tsaga uku.

"Saura bakwai," ya ce, ya kwara ruwan zafi a kan dusa. Biyar. Ya ƙara. Bakwai. Abin da ke ɗiga yanzu fari ne tas kamar hawaye.

"Gwani," in ji Steinar, "dusar nan ta ba da abin da take da shi. Yanzu wanka kawai kake mata."

"Sanda ta ce takwas."

"To tukunyar ba ta ji abin da sanda ta ce ba, don ga ta nan za ta cika."

"Kai da ka san tumaki, ka tsaya a tumaki."

Da ruwa ya taɓa tsaga ta goma, saura taki ɗaya tukunyar ta tumbatsa. Torleiv ya watsa furen ɗacin da ake sa wa giya duka a ciki, ya wanke hannu, ya buɗe kwalin nan mai auduga kamar mai fito da jariri. Aikin ma'aunin ba wuya: in ruwan tsiro na da kauri sai ya taso sama, in tsinkakke ne sai ya nutse. Sai dai kowa ya san sai an huce ruwan kafin a auna, don ruwan zafi nutsar da shi yake, ya rage lamba. Wannan na shafi na arba'in a littafin Torleiv. Shi a na talatin ya tsaya, don a nan ya lura ya riga ya fi marubucin sani.

Ya ɗebo yana tururi, ya saki ma'auni a ciki. Ma'auni ya yi ƙasa har wuya.

"Nawa?" in ji Steinar.

"Haske ne babu a ɗakin nan."

"Kawo in gani. Goma sha biyu! Torleiv, ruwan da na wanke safa da shi jiya ya fi wannan ƙarfi."

"An cuce ni a tsiro," in ji Torleiv. "Amma ba a cuci banza ba. Ruwa ne ya yi yawa, maganin ruwa kuwa wuta."

"In ka ƙone ruwan, ina lita ɗarin?"

"A kama kauri tukuna, sannan a kama yawa."

"Kaji biyu, hannu ɗaya. Bari in ƙaro kofi."

Aka hura wuta, irin wutar da ba a taɓa hurawa a kwarin ba. Torleiv ya shiga jidar itacen da matarsa Gunnvor ta jera tun bazara don sanyin hunturu. Tururi ya cika ɗakin, ya fita ta taga, ya fita ta rufi, har wata baiwar Allah a hayin kogi ta kira 'yan kashe gobara. Suka zo da motarsu da jiniya, suka tarar da Torleiv tsirara daga ƙugu zuwa sama yana juya tukunya da filafilin kwalekwale. Suka kashe jiniya, suka nemi wuri a benci.

Washegari ya sake hurawa tun da safe. Kafin azahar 'yan kallo sun kai ashirin, har da mai sayar da waina kyauta. Gunnvor ta ratso su. Mace ce marar yawan magana, don shekara talatin da biyar ba ta samu fili ba. Ta ɗebi cokali ɗaya, ta ajiye a bakin taga ya huce, ta lasa. Ta leƙa cikin tukunyar, ta ga ruwan ya sauko daidai wani baƙin layi da dahuwar shekara arba'in ta bari a jikin tagullar.

"Ta yi," ta ce. "Sauke."

Kuma ta yi ɗin. A wannan lokacin akwai lita ɗari cif a tukunyar, kauri saba'in, kamar Borghild ce ta dafa da hannunta. Da Torleiv ya janye itace uku, da ya gama.

"Mata!" in ji shi, yana duban 'yan kallo don su taya shi. "Da harshe za ki auna abin da kimiyya ta yi wa ma'auni?"

Ya tsoma sanda: huɗu da ɗan abu. Ya ɗebo yana tafasa ya saki ma'auni: arba'in. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Lita arba'in, kauri arba'in," in ji Steinar. "Aƙalla dai sun yi jituwa."

"Sukari!" in ji Torleiv. "Gunnvor, ina sukarin gidan nan?"

"Wannan na dafa 'ya'yan itace ne," ta ce.

"Ana maganar tarihi kina maganar 'ya'yan itace!"

Kilo biyar na sukari ya shiga. Zumar da ƙanwar Gunnvor ta aiko ta shiga. Ya sake ɗebowa, ya sake sakin ma'auni, sai aka ji "tas!" Gilashi ya gaji da zafi, ya tsage biyu a cikin kofin awo.

Wani daga cikin 'yan kashe gobara ya cire hula.

"Allah ya ji ƙansa," in ji Steinar. "Ya yi ta faɗa maka gaskiya iyakar yadda ka bar shi."

"Dama ban yarda da shi ba," in ji Torleiv. "Kayan birni. Kakana da ƙwai yake awo. In ƙwai ya taso, giya ta yi."

Haka ne, kakansa da ƙwai yake awo, a cikin ɗan kwano, bayan ruwan ya huce. Torleiv ya je akurkin kajin Gunnvor ya dawo da kwando, ya jefa ƙwai ɗaya tsakiyar tukunya tana tafasa. Ƙwai ya yi ƙasa, ba a ƙara jin labarinsa ba.

"Wannan malalaci ne." Ya jefa wani.

"Ya bi ɗan'uwansa," in ji Steinar.

"Na farar kazar nan ne, ba ta da jini."

"Jefa na ja, mu gani ko zai je ya kira su."

Ya jefa na ja. Ya jefa na wake-wake. Sha biyu ya jefa, ana ƙirga masa da baki ɗaya kamar 'yan aji. Da kwando ya ƙare, itace ma ya ƙare.

Torleiv ya waiwaya ya dubi benci.

"Kai, kar ka fara," in ji Steinar.

"Ku tashi. Na gidana ne."

Suka tashi, benci ya shiga wuta. Shingen lambu ya bi shi, sanda bayan sanda. Filafilin da yake juyawa da shi ya yi baƙi ya yi danƙo, shi ma aka tura shi ƙasa. Da Torleiv ya sauko daga rufi da tsofaffin katakan tafiya kan ƙanƙara na mahaifin Gunnvor, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta naɗe hannu. Ya mai da su. Ya ciro ƙyauren akurki a madadinsu, kaji suka bazu cikin jama'a.

Ruwan tukunya ya daina tafasa irin ta ruwa. Ya koma "fut… fut…" kamar tuwo, baƙi, yana walƙiya. Can wajen la'asar wata yarinya ta yi ƙara:

"Ga ɗaya!"

Wani abu mai launin ƙasa ya ɓullo a hankali, ya juya, ya zauna a sama. Sai na biyu. Sai uku a tare. Jama'a suka ɓarke da tafi, 'yan kashe gobara suka kunna jiniya. Torleiv ya hau kan guntun itacen faskare ya ɗaga hannu biyu, ƙirji duk toka.

"Na faɗa muku ko ban faɗa ba? Sha biyu! Ba ɗaya ba, sha biyu suka shaida!"

"Tsoma sandar, gwani," in ji Steinar, bakinsa cike da dafaffen ƙwai mai zaƙi.

Ya tsoma. Sai da ya sa hannu biyu kafin ya zaro ta. Ɗaya da rabi.

"Lita sha biyar, mutum tamanin a biki," in ji Steinar. "A ba kowa a cokali, kamar maganin tari."

"Irin wannan ba a shanta da yawa. Kurɓi ɗaya ya kayar da sa."

Mu nan ba a zuba yis shiru. Sai an kurma ihu a cikin ganga, don ya farka ya kama aiki. Torleiv ya kankare abin nan cikin ganga da cebur, ya tsoma zoben Borghild, ya cika ƙirji, ya yi ihun da ya sa karnukan hayin kogi suka amsa. Yis ɗin Borghild a yini ɗaya yake tayar da kumfa har ya ture murfi. Wannan karon ya faɗa cikin abin da ko ƙuda ba zai iya iyo a ciki ba, ya kwanta.

Yini ɗaya, shiru. Yini biyu, shiru. Kullum safe Torleiv ya buɗe murfi ya yi ihu, kullum rana ya ƙara. Ran na huɗu muryarsa ta dushe, sai ya roƙi Steinar.

"In yi wa ganga ihu? Me ta yi mini?"

"Don zumunci."

Steinar ya sunkuya ya ce a hankali, "Ku yi haƙuri, bayin Allah, ba laifinku ba ne."

Gunnvor ta ce, "Ka zuba mata ruwa. Tafasasshe, bokiti shida. Ko yanzu za ta tashi."

"Ruwa?" ya ce da 'yar muryar da ta rage masa. "Kwana biyu ina korar ruwa, na ƙona benci, na ƙona shinge, ki ce in je in ba shi haƙuri ya dawo?"

Borghild ta bugo waya. "Ta taso?"

"Gwaggo, irin wannan giya ba ta hayaniya. Manya ba sa surutu."

"To kai a ina ka samo naka?" Ta kashe.

Ranar biki aka sauko da tumaki lafiya, aka cika zaure, aka jera cinyoyin rago da dankali da busasshiyar gurasa. Naman bana gishirinsa ya ji, kafin a yi rabin faranti kowa na waiwayen ƙofa. Sai ga Torleiv cikin rigar bikinsa mai maɓallan azurfa, ya sa mutum huɗu sun ɗauko ganga, yana ta cewa, "A hankali, a hankali, da nauyi!" Su kuwa da yatsu suke riƙe da ita.

Aka ɗora ta a tebur a gaban kujerar Borghild. Ya yi gyaran murya, ya yi jawabi a kan kakansa, da kimiyya, da mutanen da ba su san komai ba sai tumaki. Ya ɗauko babban akushin biki ya tara, ya murɗa famfo.

Ba abin da ya fito.

Ya ƙara murɗawa. Ya bubbuga gangar. Ya karkata ta. Mutum tamanin, baki bushe, sun zuba ido.

"Yi mata ihu," in ji wani daga baya.

Can sai wani baƙin abu ya leƙo bakin famfo, ya tsaya kamar mai tunanin ko ya koma. Ya miƙe siriri, ya yi ƙasa a hankali, a hankali, ya taɓa gindin akushi ya fara naɗe kansa kamar igiya.

"Ku ci gaba da cin abinci," in ji Steinar. "In ta iso za a sanar."

Da aka samu abin da ya rufe gindin akushi, Torleiv ya miƙa wa gwaggonsa da hannu biyu. Borghild ta duba. Ta kifar da akushin a sama, ta riƙe. Ko ɗigo. Ta dangwala da yatsa ta kai baki, fuskarta ta tattare kamar an ja zaren jaka: zaƙin mazarƙwaila a gaba, ɗacin furen da ya kwana biyu a wuta a baya, ƙauri a tsakiya.

"Lita nawa?" ta ce.

"Gwaggo, in aka duba ta fuskar ƙarfi…"

"Lita nawa, ɗan Eilif?"

"Sha biyar. A sanda."

"Kauri fa?"

"Ya wuce saba'in."

"Ya wuce ɗari biyu. Na ce ka kawo abin sha, ka kawo abin liƙe kwalekwale."

Zaure ya tarwatse. Wani ya shafa a gurasa, haƙoransa suka manne, matarsa ta ce a sayar mata da kwalba biyu. Aka yi ta zarya da butocin ruwa da kofi, karo na farko a shekara arba'in da ɗaya da aka kora cinyar rago da ruwan famfo. Borghild ta buga sandarta a ƙasa, aka yi shiru.

"Tukunyata ta dawo gida jibi, a kankare, in ga fuskata a gindinta. Ba wanda zai gaje ta bana. Ƙuguna ne ya mutu, ba kaina ba. Baɗi a kujera zan zauna in dafa." Ta nuna Torleiv da sanda. "Kai kuma, abu ɗaya na ji kowa ya yaba maka. An ce wuta kam ka iya. Kai za ka riƙa jido mini itace. Ka ajiye a bakin ƙofa, kar ka shigo."

Aka sake miƙa mata akushi, cike da kofi, ta fara sha.

Torleiv ya zauna a ƙarshen tebur, maɓallan azurfa na ta walƙiya a banza. Ya yi shiru na kusan minti uku, abin da Gunnvor ba ta taɓa gani ba. Sannan ya gyara zama, ya taɓa Steinar da gwiwar hannu.

"Ka dai ji da kunnenka. A gaban mutum tamanin. Duk kwarin nan, ni kaɗai ta damƙa wa wuta."

"Na ji, Sarkin Wuta."

"Wuta ita ce giya, Steinar. Tsiro kowa na iya jiƙawa. Baɗi za ka ga itace. Ni in na tashi tara itace, ido rufe…"

Gunnvor ta tura masa kofin ruwa.

"Fara da na gidanka," ta ce. "An ce ƙanƙara za ta sauka ranar Alhamis."